Daga Sarkin Baka zuwa Gidan Zu: Tarihin Sana'ar Kula da Namun Daji a Ƙasar Gumel

Kula da dabba da tsare namun daji aiki ne da a yau ake shigarsa da takardar makaranta, a kuma karɓi albashi a ƙarshen wata. A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar da ke arewacin Jihar Jigawa, aikin ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Kafin a san likitan dabbobi ko ma'aikacin gidan zu, ilimin yana warwatse ne a hannun mutane daban-daban: maharbi ya san daji, makiyayi ya san garke, mai barga ya san doki, gardi kuma ya san yadda ake zama da kura. Ƙarni na 20 ne ya tattara wannan ilimi ya sa shi ƙarƙashin hukuma da makaranta, kuma hakan ya zo daidai lokacin da dajin da ya haifi ilimin yake ƙarewa.

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajajen 1750, ta kuma daɗe tana bin Borno. Ƙasa ce ta rairayi da jigawa, daminarta gajera, babu babban kogi a cikinta. Itatuwanta na ƙasa mai ƙarancin ruwa ne: aduwa, bagaruwa, dakwara mai ba da ƙaro, gawo, kuka, sai sabara da geza da ke rufe saura. Irin wannan fili shi ne mazaunin barewa da gada da gadu da dila da kura, da manyan tsuntsayen ƙasa irin su jimina da tuji, kuma har farkon ƙarni na 20 raƙumin dawa yana yawo a wannan ziri na Sahel tun daga Senegal har Tafkin Chadi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gumel a watan Maris na 1851, a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da garin a matsayin babbar kasuwar kanwa. Kanwa kuwa ita ce maganin farko da mai dabba yake kai wa hannu, a jiƙa wa doki ya sha, a ba shanu su lasa, kuma a kan jakuna da takarkarai ake kawo ta a fita da ita. Arzikin irin wannan gari a ɗaure yake da lafiyar dabba.

Wanda ya fi kowa sanin naman daji a wancan zamani shi ne mai kashe shi. Maharba suna da shugabansu, Sarkin Baka, wanda fada ta san da zamansa, kuma sana'ar gado ce. Yaro yana bin mahaifinsa tun yana riƙe masa gorar ruwa har ya kai munzalin rataya kwari, kuma abin da yake koya a waɗannan shekaru ilimi ne na gaske. Yana duban sawu a rairayi ya gane ko barewa ce ko gada, ko tafiya take ko gudu, ko da asubar nan ta wuce ko tun jiya. Yana murje kashin dabba a yatsunsa ya faɗi abin da ta ci. Ya san ba a bari iska ta kwashi warin mutum ta kai wa nama, domin in hakan ta faru an yi asarar yini. Wasu sukan ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci abin da suke so su harba. Dafin kibiya daga kwankwani ake haɗa shi, kowane gida da nasa sirrin haɗin. Ban da maharbi mai fita shi kaɗai, akwai farautar gayya ta rani, bayan an kawar da amfanin gona, inda samarin garuruwa da dama suke fita da karnuka da kulake da makaɗa.

Kuskure ne a ɗauki maharban da a matsayin masu kare namun daji irin na yau, domin nama da fata da magani suke nema. Sai dai kayan aikinsu da yawansu da lokutan fitarsu sun sa abin da suke ɗiba bai wuce abin da daji yake mayarwa ba. Da damina, lokacin da dabbobi da yawa suke renon 'ya'ya, ciyawa ta rufe daji, kowa kuma yana gona. Akwai ma halittun da al'ada ta ɗauke musu hannu baki ɗaya. Shamuwa, wadda zuwanta albishir ne na damina, tana yin sheƙa a bishiyar tsakiyar gari ba mai jifanta, ungulu kuma tana zaune a mahauta tana kwashe abin da aka zubar.

Reshe na biyu na sana'ar a cikin gari yake. Masarautar da take tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram da Borno ba ta da dukiyar da ta fi doki, domin a kansa ake yaƙi, a kansa ake kai saƙo. A fadojin ƙasar Hausa Shamaki ne mai kula da barga, a ƙarƙashinsa kuma akwai masu yankan ciyawa da masu share turke da masu ba da dawa da kanwa. A duk tsofaffin sana'o'in nan, tasu ce ta fi kusa da aikin ma'aikacin gidan zu. Dabba ce a ɗaure, ba ta iya nemo wa kanta komai, saboda haka cinta da shanta da tsaftarta da motsa jikinta duk suna wuyan mutum. Mai barga na ƙwarai yana gane dokin da ba shi da lafiya daga tsayuwarsa da yadda ya bar harawa bai taɓa ba. Sarakuna da attajirai sukan kuma ajiye namun daji a gida don ƙawa da nuna isa, musamman jimina da barewa da gauraka. Gashin jimina ya shiga kayan sarauta, a figini da takalmi, kuma a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ya zama babbar haja da ayari yake ɗauka daga Kano da Borno zuwa Tarabulus, daga can zuwa Turai.

Gardawa su ne masu yawo kasuwa-kasuwa da kura cikin takunkumi da sarƙa, da gwaggon biri da mesa, suna wasa suna sayar da magani. Sun san halin kura fiye da kowa, amma da duka da yunwa suke lallasa ta, kuma dabbar da ke hannunsu a wahale take. Su ne suka fara nuna wa talaka naman daji kusa da kusa don kuɗi. Gidan zu na zamani ya gaji 'yan kallonsu, kuma babban abin da ake nema ga ma'aikacinsa shi ne kada ya gaji hanyarsu. Malamai ma sun daɗe suna karantar da cewa haƙƙin dabbar da aka tsare yana kan wanda ya tsare ta, suna kafa hujja da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Keɓe fili a hana taɓa shi, wato hurumi, shi ma yana da asali a shari'a: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin ƙasa da hurumi.

Annoba ce ta jawo hukuma cikin harkar dabba. Cutar bushiya ta shigo Afirka ta gaɓar Bahar Maliya a ƙarshen shekarun 1880, ta iso Borno da ƙasar Hausa wajajen 1891, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar, ta haɗa da ɓauna da raƙumin dawa da gadu. Makiyaya da yawa sun wayi gari ba su da ko saniya ɗaya. Da Turawa suka kafa mulki, jangali yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗinsu, saboda haka mutuwar shanu asararsu ce su ma. Suka buɗe sashen lafiyar dabbobi a Zariya, suka mayar da shi Vom kusa da Jos a 1924, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafi. Daga nan aka sami sabon ma'aikaci a ƙauye, malamin dabbobi na En'e, mai bin ruga-ruga da allura yana lallashin Fulani su kawo shanunsu. A 1962 aka fara gagarumin gangamin rigakafi na haɗin gwiwa tsakanin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, wanda daga baya ya dogara da allurar da Walter Plowright ya haɗa a Kenya, ana huda kunnen duk saniyar da aka yi wa don a gane ta. Da aka yi sakaci cutar ta dawo da ƙarfi a 1983. Sai a 2011 aka ayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya, ita ce cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka bayan agana.

A ƙasar Gumel babu inda ake ganin wannan reshe na aikin kamar karar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna shigowa daga Damagaram da gaba da nan, a loda su a tirela zuwa kudu. Ma'aikacin lafiyar dabbobi yana ratsa garke yana duban baki da hanci da kofato. Dalala da gyambo a baki da ɗingishi alamar boru ce. Tari da miƙa wuya da numfashi sama-sama suna sa a yi zargin ciwon huhu. Sa ɗaya mai ɗauke da cuta, in ya tsallake idonsa ya hau mota, cikin kwana biyu ko uku ya kai ta Legas ko Fatakwal. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 da aka tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka, ta ƙara nuna cewa ba a raba lafiyar dabbar gida da ta naman daji da ta mutum.

Ta fuskar daji, Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, aka kuma yanki gandun daji a kusan kowace masarauta. Malamin daji bai yi farin jini ba. Talaka ya san shi ne a matsayin mai kama mutum da gatari ya ci shi tara, kuma wannan tabo har yau bai gama gogewa daga aikin ba. Dokar ma ba ta iya tsayar da abin da ke tafe ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a 1930 kuma reshen Nguru ya kammala, ya bi ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Tashar Gagarawa ta kawo kasuwa kusa, saura ta zama gona, gona ta daina hutawa. Bindiga ta maye gurbin baka, mota ta kai mafarauci inda ƙafa ba ta kai shi a da. Sannan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 suka ƙarasa abin da ya rage na itace da mashaya. Yaron da ya tashi a Gagarawa ko Sule Tankarkar bayan wannan lokaci, naman dajin da ya sani shi ne zomo da kurege da damo da dila. Sauran sai a tatsuniya da kirarin maharba.

Wuraren da aka keɓe don namun daji kansu sun zo a makare, kuma nesa da wannan yanki. An kafa Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Dajin Falgore a kudancin Kano ya biyo baya, gandun Tafkin Kainji ya zama gandun ƙasa na farko a 1979, a 1991 kuma aka kafa tsarin gandayen ƙasa da ya haɗa da na yankin Tafkin Chadi. Abin lura shi ne da yawa daga cikin masu gadin farko a irin waɗannan wurare tsofaffin maharba ne. Babu wanda ya fi su iya bin sawun ɓarawon nama, domin sun san inda zai ɗana tarko da mashayar da zai laɓe.

Gidan zu kuwa tarihinsa daban ne. Wanda ya fi daɗewa a cikin waɗanda suke aiki har yau shi ne na fadar Schönbrunn a birnin Biyana, tun 1752. Na Landan ya buɗe a 1828, na Giza a Masar a 1891. A 1907 Carl Hagenbeck ya buɗe nasa a Hambug ta Jamus, inda ya sa rami mai faɗi a madadin sandunan ƙarfe, dabba ta sami fili, ɗan kallo ya gan ta ba shamaki, kuma wannan tsari ya bazu a duniya. A Nijeriya Jami'ar Ibadan ta fara ajiye dabbobi don koyarwa a 1948, Jos ta yi nata a shekarun 1950, gidan tarihi na Yamai da aka kafa a 1959 shi ma yana da sashen namun daji, Maiduguri kuma tana da na Sanda Kyarimi. Na Kano aikin Audu Bako ne, gwamnan jihar daga 1967 zuwa 1975, wanda ya gina madatsun Bagauda da Tiga. An buɗe gidan a 1972, har yau da sunansa ake kiran sa, babban titin da ya wuce ta gabansa ma da gidan aka san shi. A lokacin ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano, domin sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanki Jigawa. Ke nan kusan shekara ashirin gidan zu na Kano na 'yan Gagarawa ne kamar yadda yake na 'yan Fagge, kuma a nan ne ɗalibai da yawa na wannan yanki suka fara ganin zaki da jiminar da kakanninsu suka sani a daji.

Ɗan kallo dabba yake gani, ba ya ganin aikin. Ma'aikacin da ke kula da zaki ko kura yana farawa da sassafe, kafin a buɗe ƙofa. Abu na farko shi ne ya ƙirga dabbobinsa ya tabbatar kowace tana inda ya bar ta. Sai ya tsaya ya duba: yadda ta tashi, yadda take taka ƙafa, ko idonta ya faɗa, ko ta bar naman jiya. Naman daji yana ɓoye ciwo, domin a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ci, saboda haka ranar da ciwon ya fito fili sau da yawa ya riga ya yi nisa. Keji na dabba mai haɗari ɗaki biyu ne da ƙofar zamiya a tsakani. Sai an kora dabbar ta shiga ɗaya, an ja ƙofa, an sa kwaɗo, an sake dubawa, sannan mutum yake shiga ɗayan da tsintsiya da shebur da bokiti. Ya kwashe kashi, ya dube shi ko da tsutsa ko jini, ya ɗebe ƙasusuwa, ya wanke kwamin ruwa. Daga nan sai rabon abinci, kowace dabba da nata awo: nama ga zaki da kura, ciyawa da harawa da dusa ga masu tuƙa, 'ya'yan itace da ganye ga birai, hatsi ga tsuntsaye. Duk abin da ya gani yana shiga littafi, kuma wannan littafi shi likita yake fara nema in dabba ta kwanta.

Ranakun Sallah su ne jarrabawar gidan zu na Kano. Kano da ƙauyukanta sukan yi ɗango a bakin ƙofa, yara da kayan Sallah, kuɗin shiga na shekara mai yawa a waɗannan 'yan kwanaki yake samuwa. A ranakun ma'aikaci yana gadin dabba ne daga mutane: mai tsokanar biri da kara, mai jifan kada don ya ga ko yana da rai, mai miƙa wa jimina leda. Jimina tana haɗiye abin da ta samu, kuma leda a cikin dabba kisa take yi sannu a hankali, kamar dai yadda take yi wa awakin gari. Haɗarin aikin ya fito fili a watan Oktoban 2019, lokacin da zaki ya kuɓuce a gidan zu na Kano ana ƙoƙarin mayar da shi kejinsa, aka rufe gidan, aka yi kusan kwana biyu kafin a shawo kansa.

Daga shekarun 1970 manufar gidan zu a duniya ta fara sauyawa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta taƙaita cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa ta fara aiki a 1975, Nijeriya ta yi dokarta a kan haka a 1985, kamo dabba daga daji don nuni ya zama abin kunya, aka koma ga hayayyafa a tsare. Mariri, wani farin naman daji na Sahel mai dogayen ƙahoni masu lanƙwasa, shi ne babban misali. A 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a daji. Waɗanda suka rage a gidajen zu da garkunan masu kiwo aka tattara a Abu Dabi, aka fara sakin su a gandun Wadi Rime na Chadi a 2016, suka haihu a can, har a 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Kusa da gida, a Kelle da ke jihar Damagaram, akwai wurin da ake kiwon jiminar Sahel don a mayar da ita daji. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Da aka tsare su tare da haɗin kan manoman wurin suka haura 600, a 2018 kuma aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Duk wannan aikin hannun masu kula da dabba ne da likitoci da masu gadin daji, da yawansu Hausa suke ji.

A wannan gefe na iyaka labarin bai kai haka daɗi ba. Gauraka, wanda ake ƙawata gidajen manya da shi, kamu da bushewar fadamu sun kusa ƙarar da shi a dajin Nijeriya, har aka yi taron ƙasa da ƙasa a kansa a Kano a 1992. Ungulun da take cika mahauta ta ɓace daga garuruwa da yawa saboda guba da cinikin sassan jikinta don tsibbu, kuma tun 2015 tana jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa. Babban abin da Jigawa take da shi na tsarewa shi ne fadamar Haɗeja zuwa Nguru, gabas da Gagarawa, inda tsuntsaye masu ƙaura daga Turai suke sauka su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya na gida. An fara shirin kare fadamar a 1987, yankin Tafkin Nguru ya shiga jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2000, fadamar Baturiya ta shiga a 2008. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya take zuwa, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cutar da masunci da manomi da tsuntsu baki ɗaya. Kowace shekara cikin sanyi ana fita ƙidayar tsuntsayen ruwa da tabarau mai hangen nesa da littafi, aikin da matasan yankin suke shiga.

Hanyar da ɗalibin sakandare yake bi zuwa wannan sana'a ta samu ne a hankali. Makarantar horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi ta Vom ta fara a 1941. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tsangayar likitancin dabbobi a 1964. Don namun daji kansu, Tanzaniya ta kafa kwalejin Mweka a 1963, Kamaru ta kafa ta Garwa a 1970, Nijeriya kuma ta kafa tata a Sabuwar Bussa a 1978. A kusa akwai Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, da kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja wadda da aikin gona ta fara, da sashen gandun daji da namun daji a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 da kuma Jami'ar Bayero. Ƙofar duka ɗaya ce, ajin kimiyya a babbar sakandare, irin ta Lautai da ke Gumel, da kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci da lissafi da bayoloji da kimistiri. Mai son zama likitan dabbobi sai ya haɗa da fizis, ya ci JAMB, ya yi shekara 6, sannan Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista. Digirin gandun daji da namun daji shekara 5 ne, difloma shekara 2, da watannin koyon aiki a gidan zu ko gandun daji ko asibitin dabbobi.

Ziyarar ƙaro ilimi da makarantu suke kai ɗalibai gidan zu ita ce haɗuwar farko da aikin, amma sau da yawa a kallo take ƙarewa, daga keji zuwa keji ana ɗaukar hoto da waya. Wadda take da amfani ita ce wadda malami ya nemi a haɗa ɗalibai da ma'aikata, a nuna musu ɗakin abinci da ɗakin magani da littafin rahoto, su ji yadda ake kama dabba da allurar barci da abin da ya sa ake killace sabuwar dabba kafin a haɗa ta da sauran. Ɗalibin Gagarawa yana zuwa da abin da ɗan birni ba shi da shi. Ya yi kiwo, ya turke ragon layya, ya san harawar wake daga ta gyaɗa, ya san akuyar da ta ƙi tuƙa ba lafiya gare ta ba. 'Yan mata ma haka, domin awaki da tumaki da kaji na cikin gida a hannun mata suke, kuma ma'aikaciya mace tana shiga inda namiji ba ya shiga ranar rigakafi.

Guraben aikin ba su da yawa, albashin bai taka kara ya karya ba, kuma gadin daji ya ƙara haɗari tun da 'yan bindiga suka mayar da wasu dazuzzukan Arewa maɓoya. Masu ɗaukar aiki su ne ma'aikatun gona da muhalli na jiha, da hukumar gandayen ƙasa, da hukumar killace dabbobi da tsirrai a kan iyaka, da hukumar shingen itatuwa na hana kwararar hamada da aka kafa a 2015 wadda Jigawa take cikin jihohinta, sai ƙungiyoyi irin su Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Jos. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa 10, ciki har da Falgore da Baturiya. Wurin da ke kewaye da gonaki da burtali da matsunta kamar Baturiya ba ya tsaruwa da bindiga kaɗai, yana bukatar ma'aikatan da suke da takardar kimiyya, suke kuma iya zama da arɗo da sarkin ruwa da mai unguwa su daidaita inda shanu za su sha da lokacin da za a bar tsuntsu ya yi ƙwai.